Haruffa Uku a Bayan Motar Yaya

"Na ce maka ba laifinta ba ne," in ji Auta.

"Kana cikin motar?"

"Ba na ciki. Kai ma ba ka ciki."

Injiniya ya zare tabarau ya ƙare wa Auta kallo, tun daga hular da baƙin mai ya cinye har zuwa silifas ɗin da ke ƙafarsa. Mijin yayarsa ne. Shekara tara da auren, kuma tun ranar farko irin kallon da yake masa ke nan, kallon wanda ya taka wani abu a hanya yana duba ƙasan takalminsa.

"Gyara na kawo maka," in ji shi. "Ban kawo shari'a ba. A miƙar da gaban, a sa fitila, a kira ni. Maganar tuƙi kuma na gama ta tun jiya. Ta ajiye."

Ya daki aljihun wandonsa. Makullin ya yi ƙara a ciki.

Motar na tsakaninsu, 'yar ƙarama, ruwan toka, mai ƙofa huɗu da murfin baya mai ɗagawa sama. Jiya da yamma janwe ya sauke ta a bakin garejin. Gefen hagu na gaba ya lotse, fitila ta tarwatse, bamba na reto. Ruwan sama aka yi. Yaya ta ɗauko yaranta biyu daga makaranta, wani mai babur ya faɗo mata a gangaren gada, ta taka birki, motar ta zame ta je ta rungumi simintin da ya raba hanya. Allah ya tsare. Ƙaramar ce kawai ta samu ƙulu a goshi.

Yaya na zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, jaka a cinya, idonta a kumbure. Malama ce a wata makaranta can ƙetaren gada, a ɗaya ƙarshen garin. Kafin a sayi motar, sai ta kai yara tasu makarantar, ta hau bas biyu, ta ƙarasa da ƙafa. Sau biyu shugabar makarantar na ba ta takardar gargaɗi kan latti, kuma an gaya mata ta ukun ita ce ta sallama. Wata bakwai da motar ba ta sake yin latti ba. Duk wanda ke wurin ya san abin da "ta ajiye" ke nufi. In ta ajiye tuƙi, ta ajiye aiki.

Auta ya je ya tsuguna a gabanta.

"Yaya, gaya min yadda aka yi."

"Na gaji da faɗa, Auta."

"Ni ba ki gaya min ba."

Injiniya ne ya amsa. "Ba sai ta faɗa ba. Zo nan." Ya zagaya bayan motar ya ɗora yatsa a kan tambarin da ke jikin murfin baya, haruffa uku masu ƙyallin azurfa. "Ka dai iya ƙirga, ko karatun bai kai nan ba? Uku. Babban aji ke nan, ful-ofshin, ba abin da kamfani ya rage. Irin wannan tana da birkin da ba ya kulle taya. Ko a kan sabulu ka taka ba za ta zame ba. Saboda shi na zaɓe ta. Da bakina na koya mata. Na ce in abu ya taso ki taka iya ƙarfinki, kada ki ɗaga ƙafa, birkin zai yi karkarwa a tafin ƙafarki, ki rabu da shi, ke dai ki juya sitiyari ki kauce. Abu ɗaya tak na ce ta riƙe."

"Haka na yi, Abban yara."

"Da haka kika yi da yanzu ba ma nan. Rikicewa kika yi. Kika runtse ido da 'ya'yana a baya."

"Ya yi karkarwar?" Auta ya tambaye ta.

Ta girgiza kai. "Sandarewa ya yi, kamar na taka dutse. Ina juya sitiyari, motar ba ta ji. Tafiyarta kawai take."

Auta ya miƙe ya je wajen tayar gaba ta dama, wadda ba ta bugu ba. Ya bi zagayenta da tafin hannu har ya samu abin da yake nema. Wuri ɗaya ya goge ya fi sauran sumul, kamar an kankare shi da wuƙa. Tayar da ke juyawa ba ta cinyewa a wuri ɗaya. Wannan tsayawa ta yi cak aka ja ta a kan kwalta.

Wata bakwai motar nan na gidan yayarsa, bai taɓa buɗe bonet ɗinta ba. Ranar saye ba a kira shi ba. Abokinsa na ofis Injiniya ya ɗauka, wani mai yawan turare, suka je suka zaɓo. Juyen mai kuma can ake kai ta inda ake da ƙofar gilashi da kujerun jira. Jiya ma da ba shi Yaya ta fara kira ba tana kuka a gefen hanya, da motar ba ta ga wannan garejin ba. Shekara goma sha ɗaya yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, amma a gidan yayarsa ba a tuna shi sai famfo ya lalace.

"Ba ni makullin."

"Ba a miƙar da ƙarfe da makulli."

"To. Mu fara daga waje."

Ya san ƙirar nan kamar yadda ya san ɗakinsa. Aji uku kamfanin ke fitarwa: mai harafi ɗaya, mai biyu, mai uku. Amma ba mota uku suke ƙerawa ba. Ɗaya suke ƙerawa, cikakkiya, sai su yi ta cire abubuwa suna saukowa. Duk inda suka cire abu sai su toshe gurbin da baƙar roba. Wanda ya san inda gurabun suke ba ruwansa da tambari. Tambari gam ne ke riƙe da shi.

Ya ƙwanƙwasa madubin gefe da bayan yatsa.

"Wane launi ne wannan?"

"Makanta ta same ka?"

"Baƙi. Roba tsirara. Mai harafi uku madubinta launin jikinta ne, da 'yar fitilar sigina a gefe, kuma da maɓalli ake juya shi." Ya zura hannu ta taga ya kama wani ɗan tsinken roba ya kaɗa. Madubin ya kaɗa. "Wannan da hannu."

"Na ƙasashen sanyi haka suke zuwa. Dilan da ya sayar min ya yi min bayani."

"Ya yi ƙoƙari."

Auta ya durƙusa a gaban bambar, ɓangaren da bai fashe ba. Inda ya kamata ƙaramar fitilar ƙasa ta zauna, wani baƙin faifan roba ne. Ya sa sukundireba ya ɓalle shi. Bayansa rami ne kawai, ko guntun waya babu. Ya ajiye faifan a kan bonet, a gaban Injiniya.

"Dubi ƙafafunta mana," in ji Injiniya, muryarsa ta fara hawa. "Dubi rim. Ƙaramin aji na zuwa da rim na alminiyom?"

"Rim a kasuwa ake sayarwa. Ko baro ka ga dama sai ka sa masa."

Wani ya yi dariya daga cikin rumfa. Baba Guduma ne, tsohon fanabitan da suke raba garejin da Auta, wanda shi zai miƙar da gaban motar in an gama surutu. Tun ɗazu ya ajiye kayan aikinsa, ya jawo wata tsohuwar kujerar mota ya harɗe.

"Ku ci gaba, kada ku damu da ni," in ji shi. "Dama rediyona ya lalace."

Auta ya buɗe ƙofar baya. Ga hannun murɗa gilashi nan a jikinta. Ya murɗa sau biyu, gilashin ya sauko yana ƙugi.

"Ful-ofshin," ya ce.

"Don yara aka yi shi haka. Ya fi aminci. Yaro ba ya datse hannunsa."

"Shi ma dilan ne ya ce?"

Injiniya ya kau da kai.

Auta ya shiga mazaunin direba. An matso da kujerar gaba sosai, daidai tsawon Yaya, gwiwoyinsa suka daki ƙasan sitiyari. A ƙasan ɗaya kujerar ga takardun jarrabawar ɗalibanta a warwatse, wasu sun jiƙe, jan biro ya zuba a kansu. Ga takalmin ƙaramar yarinyar, ƙafa ɗaya. Ya daɗe yana kallon takalmin. Sai ya ɗago ya shafa sitiyarin. Sanƙo ne, ba maɓalli ko ɗaya. A gefensa akwai jerin gurabu huɗu. Ɗaya ne kawai maɓallin gaske. Ya danna sauran ukun da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, yadda kowa zai ga ba sa motsi.

"Agogo nawa ke gaban direba, Yallaɓai?"

"Kada ka ce min Yallaɓai."

"Ɗaya. Na gudu kaɗai. Mai uku tana da biyu, har da mai nuna juyin inji."

Injiniya ya daki rufin motar da tafin hannu. Mai facin tayar da ke bakin titi ya ɗago kai.

"Ka ishe ni! Ka ɗauka ban san me kake yi ba? Tun ranar da na sayi motar nan ban gayyace ka ba kake jiran wannan ranar. Ka samu. Ka tara min mutane, kana ɓalle robobi kana jera min kamar mai talla. Yayarka ta kusa kashe min 'ya'ya, kai kana ƙirga agogo!"

"'Ya'yanta ne ita ma."

"Da kai nake magana ko da bango? Na ce a gyara gaban!"

"Za a gyara. Ba yanzu ba."

"Auta, don Allah," in ji Yaya daga benci. "Mutane na kallo."

Bai dube ta ba. Da ya dube ta da ya tsaya, kuma ba ya son tsayawa. Ya fito ya zagaya baya, ya kama sandar goge gilashin da ke jikin murfin ya ɗaga ta ya sake ta. Ta koma ta daki gilashin.

"Wannan waifar ta baya. Tun da kuka saya ta taɓa motsi?"

"Fiyus ne ya ƙone. Ban samu lokaci ba."

"Zo ka nuna min inda ake kunna ta."

Injiniya ya zo, da sauri ma, kamar wanda a ƙarshe ya samu abin da zai ci nasara a kai. Ya sunkuya cikin motar ya kama sandar waifa da ke gefen sitiyari. Ya ɗaga sama, ya sauke ƙasa, ya jawo, ya tura. Ya nemi ya murɗa bakinta, bakin bai murɗu ba. Ya matso da fuska yana karanta zanen da ke jikinta. Gumi ya fara keto masa a wuyan riga.

"Babu," in ji Auta. "Kamfani bai sa ba, don motar ba ta zo da waifar baya ba. Murfin ne ya zo da ita."

Ya ɗaga murfin sama. Tsakanin murfin da jikin motar akwai wani baƙin bututun roba da wayoyi ke bi ta ciki. Ya zare shi daga gurbinsa. Daga ɓangaren murfin wayoyi shida suka fito. Daga ɓangaren motar uku ne kawai suka tarye su. Sauran ukun an datse su an naɗe kawunansu da salatef, an cusa.

Baba Guduma ya taso yana dafa gwiwa. Ya zo ya tsaya ƙarƙashin murfin ya ɗaga kai. Ya kama robar da ta zagaye gilashin ya ɗan janye ta, ya ciro ƙusa daga aljihu ya karta sau ɗaya. Ƙarƙashin ruwan tokar, ja ya bayyana.

"Af," in ji shi. "Wannan murfin ɗan wata ne. Ja ce uwarsa."

"Me ke nan?" in ji Injiniya.

"An taɓa dukan motarka ta baya, ranka ya daɗe, kafin ta zo hannunka. Murfi irin wannan in ya lotse ba mai ɓata lokacin miƙar da shi. Wajen masu yanka motoci ake zuwa a ɗauko wanda ya shiga, a fesa masa launi. Duk ajin ukun murfinsu ɗaya ne a faɗi da tsawo."

"To tambarin fa?"

"Tambarin na murfin ne. Kafin fenti a ɓamɓare shi a ajiye a gwangwani, bayan fenti a mayar inda aka gan shi. Ni kaina na yi ya fi a ƙirga. Abin da ya zo da murfi shi nake mayarwa, ba wanda ya taɓa ce min in tambayi mota ajinta. Dila kuma in ya ga haruffa uku, kai ma ka san ba zai ce a rage masa biyu ba." Ya sake robar ta koma. "Aikin ma ya yi kyau, wallahi. Wanda ya fesa ya iya hannunsa."

Injiniya ya tsaya yana kallon jan layin. Ya mayar da tabaransa, ya sake cirewa.

"Murfi ba ya taka birki," ya ce daga ƙarshe. "An canza murfi, na ji. Wannan bai nuna komai a kan birki ba. Tana iya zama mai uku aka sa mata murfin mai uku."

"Da madubin mai ɗaya, da gilashin mai ɗaya, da agogon mai ɗaya."

"A kan birki nake magana!"

"To ba ni makullin."

Sai Injiniya ya zaro makullin ya wurga shi kan bonet. Ya zame ya faɗi ƙasa cikin laka. Auta ya ɗauka ya goge a jikin wandonsa. Bai shiga motar ba. Wajen benci ya nufa ya miƙa wa Yaya.

"Zo ki murɗa. Kada ki tayar, ki dai kunna wuta."

Ta dubi mijinta. Bai ce ta je ba, bai ce kada ta je ba. Ta tashi ta shiga ta zauna, ta murɗa. Ƙananan fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya.

"Duk motar da ke da birkin nan," in ji Auta, "in aka kunna wuta, wata fitila ruwan ɗorawa tana kamawa ta ɗan jima ta mutu. Gwada kanta take yi. Ga ta mai. Ga ta batir. Ga ta birkin hannu. Ga ta inji. Nuna min ita."

Injiniya ya leƙa ta kan kafaɗar matarsa.

"Ƙwan na iya mutuwa."

Auta ya yi tsaki. Bai taɓa yi masa tsaki a gaban idonsa ba sai yau. Ya je ya ja abin buɗe bonet, bonet ɗin ya ƙi saboda lotsewar. Ya ɗauko dogon ƙarfe ya zura ya danna da dukan nauyinsa. Ƙarfen ya yi ƙara, bonet ya ɓalle. Ya tokare shi.

"Zo. Kai ne injiniya. Ka ga tulun man birki? Bi bututun da idonka. Mai birkin nan tana da wani akwatin ƙarfe a nan kusurwar, kamar bulo, bututu shida na shiga suna fita, da soket ɗin waya babba. Shi ke sakin taya yana kamawa, shi ke karkarwar da ka ce mata ta jira." Ya nuna da bakin ƙarfen. A kusurwar ba komai sai fili, da ramukan kusoshi uku da fentin kamfani ya rufe, ba a taɓa ɗaura komai a cikinsu ba. Bututun sun wuce kai tsaye sun gangara ƙafafu. "Ba a cire ba. Ba a taɓa sawa ba."

Injiniya ya zura yatsa ya taɓa ɗaya daga ramukan. Ya dubi yatsan.

Nan ya kamata Auta ya yi shiru. Ya sani. Amma shekara tara ce ke bakinsa.

"Ka koya mata taka birkin motar da ba ita take tuƙawa ba! Wannan, in kana son tsayawa a ruwa, takawa ake ana saki, ana takawa ana saki. Haka aka koya mata a makarantar tuƙi, kai ka ce ta manta. Ka ce ta danne kada ta ɗaga. Ta danne. Ta bi maganarka har cikin siminti, ka zo kana ce mata ta runtse ido. Wa ya runtse ido? Kai da abokinka mai turare kuka je kuka tsaya bayan mota kuka ƙirga haruffa kuka dawo gida. Ko bonet ba ku buɗe ba. Minti biyar da na duba muku, amma ina, hannuna da datti. Fanko ka saya, Yallaɓai. Gwangwani. Kamfani ya cire duk abin da zai iya cirewa ya bar taya huɗu da kujera, kai ka kawo gida kana fahari!"

Mai faci ya daina buga tayarsa. Baba Guduma ya koma kujerarsa yana sosa gemu, bai ƙara dariya ba.

Auta na huci. Ya jira a zage shi. Ya ma so a zage shi.

Injiniya bai yi zagi ba. Ya ciro hankici ya goge yatsansa a hankali. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa sosai.

"Jakar iska fa? An ce min shida ne. Biyu gaba, sauran a gefe."

Auta ya ce, "Biyu ne. Na gaba."

"Duba."

Ba sai ya duba ba, amma ya je. A gefen kujerar mai uku akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka mai shaidar jakar, a saman ginshiƙin ƙofa kuma akwai hatimi a jikin robar. Ya shafa gefen kujerar. Ya shafa ginshiƙin. Sumul.

"Babu."

"Wato da ta gefe aka buge su, inda yaran ke zama, ba abin da zai tare su."

"Ƙarfen ƙofa na nan. Bel ɗin ɗaure jiki na nan."

"Na tambaye ka bel?"

Injiniya ya gyaɗa kai sau da yawa, kamar mai lissafi a zuci. Ya zagaya wajen ƙofar direba inda Yaya ke zaune har yanzu, hannunta a kan makullin. Bai ce mata yi haƙuri ba. Bai ce ashe gaskiyarki ba. Hannu ya miƙa.

"Kashe ki ba ni."

"Abban yara, ai ka ji. Ba ni ba ce."

"Na ji. Shi ya sa. Wata bakwai 'ya'yana na yawo a cikin wannan abin a kan gada. Ba za su sake shiga ba. Ke ma ba za ki sake shiga ba."

"Tsaya," in ji Auta. Ya ji muryarsa ta canza. "Motar ba ta da laifi. Rabin motocin garin nan haka suke, mutane na kai 'ya'yansu makaranta kullum. Injinta lafiya lau. A gyara gaban, a canza tayoyin gaba, ni zan kai ta fili yini ɗaya in koya mata birkin. Yini ɗaya."

"Yanzu ka ce gwangwani ce."

"Magana ce."

"A gaban mutane ka faɗa. Kai ne masani, ni haruffa kawai na iya ƙirgawa. Na karɓi maganarka."

"To ka sayo mata mai ukun ta gaske."

"In Allah ya hore." Bai ko waiwayo ba. "Ba bana ba."

Auta ya dubi Baba Guduma. Tsohon ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙusarsa. Ya dubi faifan robar da ya ɓalle, yana nan kwance a ƙasa inda ya faɗo lokacin da aka ɗaga bonet. Duk abin da ya sani game da motar nan ya riga ya faɗe shi.

Yaya ta murɗa makullin baya. Fitilun suka mutu. Ta zare shi ta riƙe a tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ta ɗora a hannun mijinta. Ta sunkuya ta tattara takardun ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, ta ware jiƙaƙƙun ta ɗora su a sama, ta fito ta rufe ƙofar a hankali. Ba mijin ta kalla ba. Ƙanenta ta kalla, wanda ta goya a bayanta yana jariri.

"Ka gama, Auta?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Sannu. Ka ci gardamarka, kowa ya ga ka san mota." Ta gyara takardun a ƙirjinta. "Ni kuma ranar Litinin da me zan je aiki?"